Kalmar "Redeem": Ma'anarta, Asalinta da Yadda Ake Amfani da Ita

   

'Yan'uwa masu karatu, a wannan fitowa za mu tsaya ne a kan kalma guda ɗaya ta Turanci, wato "redeem". Duk wanda ke zaune a ƙasar da Turanci ne harshen hukuma, kamar Ghana da Najeriya da wani yanki na Kamaru, ba zai rasa cin karo da ita ba. Tana zuwa a saƙon waya, tana cikin takardun banki da na jingina, tana cikin wasiƙar kwamitin ginin masallaci, tana shafin wasanni na jarida, kuma tana rubuce a allon wasu coci-coci da muke wucewa a hanya. A kowane wuri sai ka ga kamar wata ma'ana ce daban. To, wanda ya san fuska ɗaya kawai, wata rana zai sa hannu a takardar da bai fahimta ba, ko ya fassara wa jama'a abin da ba shi ake nufi ba.

Abin da muke so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne: duk inda aka ce redeem, akwai abubuwa uku. Akwai abin da yake naka amma ba ya hannunka, akwai abin da za ka bayar, sannan abin nan naka ya dawo gare ka. Mu Hausawa muna da kalmar da ta ɗauki wannan duka, ita ce fansa.

Furuci da 'yan gidan kalmar

Ana furta ta "ridiim", a ja wasalin ƙarshe, a kuma sa ƙarfin murya a kansa. Fi'ili ce, wato kalmar aikatau. Idan aikin ya wuce sai a ce "redeemed". Sunan aikin shi ne "redemption", ana furta shi "ridemshan", wato fansa. Mai yin aikin "redeemer", mai fansa. Abin da za a iya fansarsa "redeemable", wanda ba za a iya ba kuma "irredeemable" ko "non-redeemable". Ɗalibai su lura, wasalin da aka ja a redeem ya gajarce a redemption. Masu koyo da yawa suna tuntuɓe a nan.

Daga ina ta fito?

Asalinta Latin ne, harshen Rumawan dā. Suna da fi'ili "emere", wanda ma'anarsa ta farko ita ce ɗauka, daga baya ya zama saye. Suna kuma da ɗafa-goshi "re", mai nufin komawa ko sakewa, wanda ke zama "red" idan wasali ya biyo shi. Da aka haɗa su sai aka sami "redimere", wato sake sayen abu, ko sayo shi ya dawo. Ɗaliban sarfu ba za su ga baƙon abu a nan ba, don sun san yadda ƙarin harafi ɗaya kan juya ma'anar fi'ili a Larabci.

Yadda ta shiga Turanci kuwa, ta hanyar Faransanci ne da Latin ɗin malaman coci. A shekarar 1066 Normandawa masu jin Faransanci suka ci Ingila da yaƙi, daga nan harshen fada da na kotu ya zama Faransanci na tsawon ƙarnoni, kalmominsa suka yi ta kwarara cikin Turanci. Redemption ce ta riga shiga, a ƙarni na 14, sannan redeem ta biyo ta a ƙarni na 15. A fassarar Baibul ta Turanci da ake dangantawa da John Wycliffe, ta ƙarshen ƙarni na 14, an yi amfani da wata kalmar gida da aka ƙera daga "again" da "buy", wato sake da saye. Ba ta yi tsawon rai ba, ta Latin ɗin ta ture ta, amma ta nuna mana yadda Turawan wancan zamani suka fahimci abin: ciniki ne na dawo da abu.

Akwai wata kalma da suke uwa ɗaya uba ɗaya, ita ce "ransom", kuɗin fansa. Ita ma daga "redemptio" ta Latin take, sai dai ta daɗe a bakin Faransawa har ta lanƙwashe ta zama "rançon" kafin ta tsallaka Ingila. 'Yan'uwanmu na Nijar da Togo da Benin da Chadi sun san wannan kalma. Sun kuma san "racheter", wadda ginin ta daidai yake da na redeem: "acheter" saye ne, aka ɗora masa harafin komawa. Shi kuwa tushen "emere", ya haifi wasu kalmomin da muke ji kullum ba mu san dangi ba ne, irin su "example" da "exempt" da "premium".

Fansar mutane

Mafi nauyin aikin da kalmar ta yi a tarihi shi ne fansar bayi da kamammun yaƙi. A zamanin da ake kame juna tsakanin Turai da Arewacin Afirka a tekun Bahar Rum, Kiristocin Turai sun kafa ƙungiyoyi na musamman don tara kuɗi su fanso mutanensu. Ɗaya an kafa ta a 1198, wata a 1218. Ta farkon ce ta fanso shahararren marubucin Sifaniya, Cervantes, daga birnin Aljiyas a 1580, bayan ya yi shekara biyar a tsare.

Daga namu yankin kuma akwai Ayuba Sulaiman Diallo, Bafillace ɗan gidan malamai daga ƙasar Bundu, a Senegal ta yau. An kama shi a bakin kogin Gambiya aka sayar, aka kai shi gonar taba a Maryland ta Amurka. Wasiƙar da ya rubuta wa mahaifinsa da Larabci ce ta zama sanadin da aka gane ko shi wane ne. Aka kai shi Landan a 1733, wasu mutane suka yi karo-karo suka biya kuɗin fansarsa, ya koma gida a 1734. Haka Frederick Douglass, wanda ya gudu daga bauta a Amurka, abokansa na Ingila ne suka tara fam 150 a 1846 suka biya wanda doka ke kira ubangidansa, don kada a sake kama shi. A rubuce-rubucen Turanci, irin wannan aiki shi ake kira redeem.

Ɗalibin Sira ya riga ya san ma'anar, ko da bai san kalmar ba. Sayyidina Abubakar (RA) ya sayi Bilal (RA) daga hannun masu azabtar da shi ya 'yanta shi. An karɓi fansa a kan kamammun Badar, waɗanda ba su da dukiya amma sun iya rubutu aka ce kowanne ya koyar da yara goma na Madina. Salmanul Farisi (RA) ya yi mukataba da ubangidansa a kan dashen dabino 300 da uƙiya 40 ta zinariya, sahabbai suka taimaka masa. Kuma fansar wuyaye na cikin wurare takwas da ake kai zakka, kamar yadda ya zo a aya ta 60 ta Suratut Tauba. A ƙasar Hausa ma, kakanninmu sun san fansar kai, inda bawa ke tara kuɗi a hankali har ya biya ya zama ɗa.

Jingina: inda rashin sani ke cin dukiya

A nan ne muke so mu ɗan daɗe, don a nan mutanenmu suka fi cutuwa. Mutum ya shiga matsi, ya kai babur ɗinsa, ko keken ɗinki, ko sarƙar matarsa, ko takardar fili, ya karɓi bashi. Ranar da ya kawo kuɗin ya karɓi kayansa, Bature zai ce ya yi redeem ɗin kayan. Mu kuma mu ce ya fanshi kayansa. Masu noman koko a Ghana sun daɗe da sanin wannan a jinginar gonaki.

A takardar jingina, ka nemi waɗannan kalmomi kafin ka sa hannu ko ka dangwala yatsa. "Redemption period" shi ne tsawon wa'adin da aka ba ka ka fanshi kayanka. "Redemption date" ita ce ranar ƙarshe. "Redemption amount" ko "redemption fee" shi ne jimillar abin da za ka biya, kuma sau da yawa ya fi abin da ka karɓa. "Unredeemed" kuwa shi ne kayan da mai shi bai zo ya fansa ba, irin wanda ake fitarwa a yi gwanjonsa. A dokar Birtaniya ta 1974, wanda ya kai kaya jingina yana da aƙalla wata shida na fansa. Kowace ƙasa da tata dokar, saboda haka wa'adin da ke cikin takardarka shi ne abin dubawa, a sa wanda ya iya karatu kuma aka amince da shi ya karanta maka.

Akwai wani tarihi mai amfani a nan. Kalmar da Turawa ke kiran jinginar gida ko fili, wato "mortgage", daga tsohon Faransanci take, ma'anarta matacciyar jingina. A Ingila ta dā, idan ranar biya ta wuce ko da da kwana ɗaya, fili ya zama na mai bin bashi, ko da kuwa darajarsa ta ninka bashin sau goma. A ƙarni na 17 wata babbar kotu a can ta ga wannan zalunci ne, ta tsayar da ƙa'idar cewa mai fili yana da haƙƙin fansar filinsa ko bayan ranar ta wuce, muddin zai biya abin da ake binsa, har sai kotu da kanta ta rufe wannan ƙofa. Wannan haƙƙi shi lauyoyi ke kira "equity of redemption", kuma ƙasashen da suka gaji tsarin shari'ar Ingila sun san shi.

Wanda ya karanci Muwaɗɗa zai ce ai mun san wannan. Imamu Malik ya kawo hadisin da ya hana a riƙe kayan jingina a cinye, ya kuma yi bayanin surar abin: mutum ya ba da kayan da suka fi bashin daraja, a yi sharaɗin in bai kawo kuɗi ranar kaza ba kaya sun zama na mai bin bashi. Ya ce wannan sharaɗi bai halatta ba. Abin da fiƙihu ya tsara shi ne, in biya ya gagara a sayar da kayan ta hanyar da ta dace, mai bashi ya ɗauki haƙƙinsa, ragowar ta koma wa mai kaya. Ita jinginar kanta halal ce, ambatonta ya zo a aya ta 283 ta Suratul Baƙara. Saboda haka, ɗan'uwa, in kai ne mai riƙe da kayan wani, wucewar rana ba ta mayar da su naka ba. In kuma kai ne mai kayan, kada ka yi sakaci da ranar, don ba kowa ne ke tsoron Allah ba.

A banki da takardun zuba jari

Daga jingina kalmar ta wuce zuwa duk takardar da ke wakiltar kuɗi. A dā takardar kuɗi alkawari ce kawai: ka kai ta banki a ba ka zinariya. Wannan musanya ita ma redeem ce. Birtaniya ta bar tsarin zinariya a 1931, Amurka kuma ta rufe ƙofar musanya dala da zinariya ga gwamnatocin waje a watan Agusta na 1971.

A yau, idan gwamnati ko kamfani suka karɓi kuɗin jama'a suka ba da takardar shaida, ranar da suka mayar da uwar kuɗin ana cewa sun yi redeem ɗin takardar. Takardun bashin gwamnati na gajeren wa'adi a Ghana, misali, na kwana 91 ne, ko 182, ko 364. Sukuk na farko da gwamnatin tarayyar Najeriya ta fitar a 2017, na naira biliyan 100, wa'adinsa shekara bakwai ne. Haka wanda ya zuba kuɗi a asusun haɗaka, in yana son ya cire kuɗinsa, takardar da zai cike ana kiranta "redemption form". Wasu kamfanoni suna cire wani kaso in ka nemi kuɗinka kafin wa'adi, sai ka ga an rubuta "early redemption charge".

Mutanen Ghana sun ji wannan kalma har ta ishe su a 2019, lokacin da hukumar kula da hada-hadar hannun jari ta soke lasisin kamfanoni 53 masu juya kuɗin jama'a. Babban ƙorafin da aka yi ta ji shi ne kamfanonin sun kasa biyan "redemptions", wato mutane sun zo fansar kuɗinsu an ce babu. Darasin a fili yake: kafin ka tambayi nawa ne riba, tambayi yaushe zan iya karɓar uwar kuɗina, kuma da wane sharaɗi. Mu ƙara da cewa bayanin ma'anar kalma daban, hukuncin mu'amala daban. Da yawa daga cikin waɗannan takardu akwai kuɗin ruwa a ciki, sai a tuntuɓi malamai kafin a shiga.

A waya da kantuna

Wannan ita ce fuskar da yaranmu suka fi sani. Kamfanin waya ya tara maka maki saboda yawan kiran da kake yi, sai ya ce ka yi redeem, wato ka mayar da makin ya zama katin kira ko data. Kanti ya ba ka takardar rangwame ko katin kyauta, ka kai ka karɓi kaya. Manhaja ta ba ka lambobi ka shigar. Duk redeem ne. Ma'anar ba ta canza ba: darajar taka ce tun farko, tana ajiye a wurinsu, abin da za ka miƙa shi ne takardar ko lambar. Kuma kusan kullum akwai ranar ƙarewa, in ta wuce shi ke nan.

A nan ne mazambata suke shigowa. Saƙo ya zo cewa ka ci kyautar kuɗi ko mota, ka kira lamba kaza "to redeem your prize". Ka kira, a ce sai ka fara tura ɗan wani abu, ko ka faɗi lambar sirrinka ta asusun waya, ko ka karanto lambobin da aka turo maka yanzu. To, ma'anar kalmar kanta ta isa ta tsare ka. Ba a fansar abin da ba naka ba. Gasar da ba ka shiga ba, me ka ajiye a can da za ka je fansa? Kuma babu kamfanin kirki da zai nemi lambar sirrinka. Mu sanar da iyayenmu mata da tsofaffinmu wannan, don su aka fi hari.

Alkawari kaya ne

Ga wani amfani da ya yaɗu ƙwarai a Turancin Ghana da Najeriya: "redeem a pledge" ko "redeem a promise", wato cika alkawari. An yi taron neman gudummawar ginin masallaci ko makaranta, an kira sunan Alhaji a lasifika an ce ya yi alkawarin buhun siminti ɗari, an yi kabbara. Bayan wata uku sai wasiƙa ta iso daga kwamiti tana roƙon ya yi redeem ɗin pledge ɗinsa. Haka jaridu ke rubutawa game da 'yan siyasa da alkawuran yaƙin neman zaɓe.

Hikimar tana cikin kalmar "pledge", don tana nufin alkawari, tana kuma nufin kayan jingina. Kamar ana cewa ne, ranar da ka yi alkawari ka ajiye maganarka jingina a hannun jama'a, ba za ta dawo gare ka ba sai ka biya. Bahaushe ya ce magana zarar bunu ce. Suratul Ma'ida da umarnin cika ƙulle-ƙulle ta buɗe, kuma saɓa alkawari na cikin alamomin munafunci da hadisi ya lissafa. Gara mutum ya ambaci buhu biyar ya kawo, da ya ambaci ɗari a yi ta bin sa da wasiƙa.

Dawo da mutunci

Daga kaya da kuɗi sai kalmar ta koma kan suna da martaba. Idan aka ce "he redeemed himself", ana nufin mutum ya yi kuskure ko ya ba da kunya, daga baya ya yi wani abin kirki da ya dawo masa da ƙimarsa. Jaridu kan ce hukuma kaza tana ƙoƙarin "redeem its image", wato ta gyara sunanta da ya ɓaci. "Redeeming quality" ita ce halayya ɗaya mai kyau da ke rage munin sauran, kamar a ce mutum mafaɗaci ne amma ba ya cin amana. "Beyond redemption" kuma shi ne abin da ya lalace har ba ya gyaruwa.

Masu fassara su kiyaye abu biyu. Na farko, redeem oneself ba daidai yake da wanke kai ba. Mai wanke kansa yana nuna bai yi laifin ba ne. Shi kuwa wannan, laifin ya tabbata, sai dai ya biyo shi da abin da ya rufe shi. Ya fi kusa da abin da muka sani na bin mummunan aiki da kyakkyawa don ya shafe shi.

Na biyu, a Hausa muna cewa ɗaukar fansa muna nufin ramuwa. Turanci bai haɗa su ba: ramuwa "revenge" ce, redeem ba ta taɓa nufin rama mugunta. Masu kallon ƙwallo za su gane bambancin da misali ɗaya. A gasar cin kofin duniya ta 2010, a wasan Ghana da Uruguay, Asamoah Gyan ya zubar da fanareti a minti na ƙarshe. Bayan 'yan mintuna, da aka zo bugun raba gardama, shi ya fara buga wa Ghana kuma ya ci. Wannan yunƙuri ne na redeem ɗin kansa. Amma da ƙasashen biyu suka sake haɗuwa a Ƙatar a 2022, abin da magoya baya da yawa ke nema a kan Uruguay shi ne revenge. Ɗaya tsakanin mutum ne da kurensa, ɗaya tsakaninsa da abokin karawa.

A bakin 'yan siyasa

Da yake kalma ce mai daɗin ji, masu mulki sun so ta. Laƙabin Kwame Nkrumah na harshen Akan, Osagyefo, an saba fassara shi da Redeemer a Turanci. Lokacin da Kanar Acheampong ya kifar da gwamnatin Busia ranar 13 ga Janairu 1972, sunan da ya ba majalisar mulkinsa shi ne National Redemption Council, wato majalisar fanso ƙasa. Abin lura, ita wannan gwamnati ce ta shelanta ƙin biyan wasu basussukan waje da taken "Yentua", ma'ana ba za mu biya ba. A Laberiya ma, sojojin Samuel Doe da suka karɓi mulki a 1980 sun kira tasu People's Redemption Council. Mai hankali in ya ji ana cewa an zo fansar ƙasa, sai ya yi tambayoyin nan uku: me ya fita hannu, wa zai biya, kuma abin zai dawo wa masu shi ne?

A harshen addini

A wurin maƙwabtanmu Kiristoci, redemption kalma ce ta tushen aƙida. Sun yi imani cewa ɗan Adam ya faɗa ƙarƙashin zunubi, kuma mutuwar Almasihu ita ce farashin da aka biya aka fanso shi. Shi ya sa suke kiran sa the Redeemer, a Baibul na Hausa kuma Mai Fansa. Daga nan sunan babban mutum-mutumin nan na birnin Rio de Janeiro a Brazil ya fito, wanda aka kammala a 1931. Daga nan kuma sunan cocin Redeemed Christian Church of God, da aka kafa a Legas a 1952, ya samo asali. Sanin wannan yana taimaka mana mu fahimci abin da maƙwabci ke nufi, mu yi magana da shi cikin ilimi da ladabi.

A aƙidarmu kuwa, Annabi Isa (AS) bawan Allah ne kuma ManzonSa, kuma babu wanda ke ɗaukar zunubin wani, kamar yadda aya ta 164 ta Suratul An'am ta tabbatar. Ƙofar da aka buɗe wa mai laifi ita ce tuba da neman gafara kai tsaye ga Ubangijinsa, da mayar da haƙƙi ga masu shi. Saboda haka ɗalibin da ke fassara wa'azi ko huɗuba zuwa Turanci ya yi hattara da zaɓen kalma. Tuba "repentance" ce. Gafara "forgiveness". Kaffara "expiation". Fidiya, irin ta tsohon da ba ya iya azumi, an fi barin ta da sunanta a yi bayani. Fansar ɗan Annabi Ibrahim (AS) da abin yanka, wadda ta zo a Suratus Saffat, masu fassara da yawa "ransom" suke sa mata. In ka ɗauki redemption ka ɗora a kan tuba a gaban wanda ya tashi a coci, zai ji wani abu daban da abin da kake nufi.

Abin da za mu tafi da shi

Duk lokacin da ka ci karo da redeem, tsaya ka yi tambaya huɗu. Mene ne abin da ake cewa nawa ne? A hannun wa yake? Me zan bayar kafin ya dawo? Zuwa yaushe? In takarda ta amsa huɗun nan a fili, ka san inda ka dosa. In ta kasa amsa ko da ɗaya, musamman ta farko, riƙe hannunka da kuɗinka.

Tambayar ƙarshen nan ta wa'adi ita ce mafi saurin mantuwa, a kasuwa da wajen kasuwa. Aya ta 38 ta Suratul Muddassir ta siffanta ɗan Adam da abin da aka jinginar, aikinsa ne abin da ake riƙe da shi a kansa. Aya ta 91 ta Suratu Ali Imrana kuma ta sanar da mu cewa akwai ranar da ko zinariya cike da ƙasa ba za a karɓa a matsayin fansa ba. Wa'adin wannan fansa shi ne numfashin da muke yi yanzu, kuma ba a rubuta mana ranar ƙarewarsa a takarda ba.

Muna roƙon ɗalibai su karanta wa iyayensu wannan bayani a gida, musamman sashen jingina da na saƙon waya. Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani, Ya ba mu ikon cika alkawari da sauke haƙƙin mutane, Ya 'yanta wuyayenmu da na iyayenmu daga wuta. Amin.